Ɓeraye, ƙwayoyin hanji da toshewar jijiyoyin jini: ina gaskiyar maganar ta tsaya?

Kwanan nan duk guruf ɗin WhatsApp da ka leƙa sai ka ci karo da saƙon nan, wai Turawa sun gano ashe ba kitse ne ke toshe jijiyoyin jini ba, wasu ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a hanjin mutum. Wannan ya tura, wancan ya ƙara mata gishiri, kafin maganar ta iso teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ta riga ta koma "dattin ciki ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki", su kuwa masu tallan maganin wankin ciki da lasifika a kan mota abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Har akwai masu tambaya ko su ajiye maganin hawan jininsu su koma shan Flagyl.

Binciken dai akwai shi, ba ƙirƙira ba ce, tun 2011 ake ta fitar da sakamako a manyan mujallun kimiyya. Sai dai saƙon ya haɗiye abu biyu. Mafi yawan abin da aka tabbatar a jikin ɓeraye aka tabbatar da shi, ɓerayen ma ba irin namu na rumbu ba. Sannan masanan ba su ce a kashe ƙwayoyin hanji ko a wanke su ba, maganarsu a kan abin da kake ciyar da su ne, da abin da su kuma suke zubo maka a jini bayan sun ci sun ƙoshi.

Ita toshewar, yaya take faruwa?

Yawancinmu muna ɗaukar jijiya kamar kwata ce ko fayif ɗin ruwa, kitse ya zo ya taru a ciki ya cushe hanya. Ba haka abin yake ba sosai. A cikin naman bangon jijiyar abin ke taruwa, kamar katangar ƙasa da ta sha damina ta kumbura ta cinye rabin lungu. Akwai wani maiƙo a jini da ake kira kolestarol, jiki na buƙatarsa, mafi yawansa ma jikin ne ke haɗawa da kansa, toh idan nau'in da ake kira LDL ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashin fatar cikin jijiya ya maƙale. Jiki sai ya ɗauke shi baƙo ya turo fararen ƙwayoyin jini, sojojinsa kenan, su haɗiye shi, su yi ta ci har su cika su mutu a wurin, gawarwakinsu da maiƙon su zama tudu, wurin ya yi ta ruruwa da kumburi a hankali shekara da shekaru mutum na harkokinsa bai san ana yi ba.

Ranar da saman tudun nan ya tsage ita ce ranar tashin hankali. Jini sai ya daskare a kai ya yi guda ya rufe hanyar gaba ɗaya. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce shi ne bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ce sai a ce ɓarin jiki ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen shekarar, kuma sama da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. Kaga ba ciwon Bature ko na alhazan GRA kaɗai ba ne.

Ƙofofi uku kenan: maiƙo, kumburi, da daskarewar jini. Duk inda aka zargi ƙwayoyin hanji, ta ɗaya daga cikin ukun nan ake cewa sun shigo.

Su waye mazauna hanjin?

Ruɗanin farko daga harshe yake. Mu da Hausa duk ƙaramar halittar da ido ba ya gani sai mu ce "ƙwayar cuta", shi ya sa da an ce wa mutum akwai bakteriya a cikinsa sai ya ji kamar an ce yana ɗauke da taifot. Alhali lafiyayyen babban mutum yana yawo da bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa lissafin wasu masana na cibiyar Weizmann a 2016, sun ma ɗan fi ƙwayoyin halittar jikinsa yawa tunda su kimanin tiriliyan 30 ne. Kusan dukansu a babban hanji suke, in aka tara su a sikeli nauyinsu kamar giram 200.

Abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa, irin su dusar gero da harzar ganye da ɓawon wake, shi ne abincinsu. Suna ci suna fitar da sinadarai, wasu su bi bahaya su fita, wasu su ratsa bangon hanji su shiga jini, su fara biyawa ta hanta kafin su zaga jiki. Kuma garken da ke cikin kowa daban ne, ya danganta da abin da ka saba ci da inda ka tashi da magungunan da ka sha a rayuwa. Mutum biyu za su raba tsire tsinke ɗaya amma abin da zai shiga jinin kowannensu ba lallai ya zama iri ɗaya ba.

Me ya kawo ɓera cikin maganar?

Ba yadda za a yi a kulle mutum shekara talatin ana ba shi abinci iri ɗaya sannan a tsaga jijiyarsa a auna, dole a nemi dabba. Tun 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ɗura wa zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun tara irin tudun nan. Shi ɓera kuwa a yadda Allah Ya halicce shi ba ya saurin kamuwa da wannan ciwo, saboda mafi yawan maiƙon jininsa a nau'in HDL yake, wanda ke kwashe maiƙo ya mayar hanta. Sai a 1992 ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Nobuyo Maeda da na Jan Breslow, kowanne ya samar da ɓeran da aka cire wa wata ƙwayar gado mai suna ApoE. Irin wannan ɓeran kolestarol ɗinsa yana kai ninki biyar na ɗan'uwansa, cikin 'yan watanni jijiyarsa ta fara tara tudu ko da abincin ɓera na yau da kullum yake ci. Kusan duk labarin da za ka ji na "an gwada a ɓeraye" a kan wannan ciwo, shi ko wani ɗan'uwansa da aka yi wa irin wannan aikin ake nufi.

Akwai kuma ɓerayen da ba su da bakteriya ko ɗaya a jiki. A cikin wani tanti na roba rufaffe ruf ake kiwonsu tun haihuwa, iska da ruwa da abinci duk sai an kashe ƙwayoyin da ke ciki kafin su shiga. Amfaninsu shi ne mai bincike zai iya zuba musu nau'in bakteriyar da ya ga dama, ɗaya ko goma, ya zauna ya ga me zai canja. Wannan ne ƙarfin ɓera, yana ba da damar a ce "wannan ne ya jawo wancan", abin da ba a iya yi kai tsaye da mutum.

Daga nama zuwa hanji, daga hanji zuwa hanta

Wanda ya buɗe wannan babin shi ne Dakta Stanley Hazen da mutanensa na Cleveland Clinic a jihar Ohio. Abin lura, da jinin mutane suka fara ba da ɓera ba. Sun ɗebo jinin waɗanda daga baya suka samu bugun zuciya ko shanyewar jiki ko suka mutu, suka kwatanta da na waɗanda ba su samu ba, sai wani sinadari ya riƙa fitowa fili, sunansa a taƙaice TMAO. Suka sake dubawa a jinin mutum 1,876, alaƙar ta tsaya. A 2011 suka buga a mujallar Nature.

Yadda yake samuwa sai an bi a hankali. A gwaiduwar ƙwai da hanta da nama akwai sinadarin kolin, a jan nama kuma, na shanu da tumaki da awaki, akwai kanitin. Dukansu ba guba ba ne, kolin ma dole jiki ya same shi, mai ciki da mai shayarwa sun fi sauran mata buƙata. Toh wanda ya tsallake bai shiga jini ba ya isa wurin bakteriya, wasu daga cikinsu sai su farfasa shi su fitar da TMA, wanda shi ne ainihin ƙarnin nan na ruɓaɓɓen kifi. TMA ya bi jini ya je hanta, hanta ta juya shi ya koma TMAO mara wari, ƙoda ta tace ta fitar da shi a fitsari. Jikin mutum shi kaɗai ba ya iya yin matakin farkon nan, sai da bakteriya.

Daga nan suka koma kan ɓeraye. Aka ƙara wa masu rashin ApoE kolin a abinci, TMAO ya hau, tudun jijiyarsu ya fi na sauran girma. Aka ba wasu kolin ɗin tare da antibayotik da ya share musu hanji, TMAO bai hau ba, ƙarin tudun ma bai zo ba. A 2013 aka maimaita da kanitin aka samu irin wannan. A aikin na 2013 akwai wani mutum da ya shekara da shekaru ba ya cin komai na dabba, ya yarda ya ci gasasshen naman sa kamar giram 225, da aka auna shi kusan babu TMAO da jikinsa ya haɗa, alhali masu cin nama kullum nasu ya tashi. Wato cin nama a kai a kai shi ke kiwata garken da ya iya wannan aikin.

A 2015 suka yi wanda ya fi ɗaukar hankali, suka kwashi abin cikin hanjin wasu ɓeraye masu yawan haɗa TMAO suka zuba wa wasu, suka kwashi na masu ƙarancin haɗawa suka zuba wa wasu daban, aka ba kowa abinci mai kolin. Waɗanda suka karɓi garken farko tudunsu ya fi girma. A 2016 kuma suka nuna TMAO yana sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su zama masu saurin haɗa guda, ƙofa ta uku kenan.

A ɓangaren mutane an bi marasa lafiya 4,007 da suka zo a duba musu jijiyoyin zuciya tsawon shekara uku, waɗanda TMAO ɗinsu ya fi yawa sun fi masu ƙarancinsa fuskantar bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa da kusan ninki biyu da rabi. Wannan lambar ce ake yawan yawo da ita. Amma alaƙa ta nuna, ba ta nuna wa ya haifi wa ba, kuma daga nan gardama ta tashi.

Masu ja da maganar

Hujjarsu ta farko kifi ne. Kifi, musamman na teku irin wanda ake kawo mana a ƙanƙara, yana ɗauke da TMAO haɗaɗɗe a namansa, ba ya ma jiran bakteriya. Wani gwaji na jami'ar Cornell ya nuna wanda ya ci kifi TMAO ɗin jininsa yana tashi kusan ninki 50 na wanda ya ci ƙwai ko naman sa. In da TMAO guba ne kai tsaye da masu cin kifi sun fi kowa ciwon zuciya, amma akasin haka aka daɗe ana gani. Masu goyon bayan Hazen suna amsawa da cewa ba kowane kifi ne ke da shi da yawa ba, kuma man kifi yana da alherin da zai iya rufe sharrin.

Ta biyu ƙoda ce. Tunda ita ke fitar da TMAO, duk wanda ƙodarsa ta fara rauni sinadarin zai taru a jininsa, mai ciwon ƙoda kuwa dama yana cikin hatsarin ciwon zuciya. Kenan zai yiwu TMAO hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Wani nazari na 2019 da ya bi ta ƙwayoyin gado bai ga alamar cewa waɗanda aka haifa da yanayin yawan TMAO sun fi kamuwa da ciwon jijiyar zuciya ba, abin da ya gani shi ne ciwon suga da ciwon ƙoda su ke ɗaga shi.

Su kansu ɓerayen ba su yi magana da baki ɗaya ba. A 2018 ɗakin binciken Fredrik Bäckhed a Suwidin ya ƙara wa irin ɓerayen nan kolin, TMAO ya hau amma tudun bai ƙaru ba. Tun 2010 ma wasu masana a ƙasar Cek sun ga ɓerayen da ba su da bakteriya ko ɗaya sun fi masu bakteriya tara tudu a kan abinci mara maiƙo, wato a wurinsu bakteriyar kariya ta zama. Nau'in ɓeran, namiji ne ko mace, abincin da aka ba shi, har gidan da aka kiwata shi, duk suna juya sakamako.

Sai babbar magana, ɓera ba mutum ba ne. Shekara biyu ko uku yake yi a duniya, ciwon da ke cin mutum shekara arba'in a cikin watanni ake tilasta masa shi, da kolestarol ɗin da ba kasafai ake ganin irinsa a mutum ba. Tudun ɓera ba ya cika tsagewa, alhali tsagewar ce ke kashe mutane. Ɓeraye suna cin kashin juna, garken hanjinsu yana gaurayewa a keji ɗaya. Adadin kolin ko kanitin da ake zuba musu kuma in aka auna da girman jiki ya wuce abin da mutum zai samu a faranti nesa ba kusa ba.

Ba duka ne masu laifi ba

Wannan ɓangaren ne saƙonnin WhatsApp ba sa kawowa, kuma shi ya fi kusa da tukunyarmu. A 2018 ɗakin binciken Federico Rey a jami'ar Wisconsin ya sa wa ɓeraye wata bakteriya mai suna Roseburia intestinalis. Ita aikinta ta ci harzar tsirrai ta fitar da sinadarin butiret, wanda shi ne abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, yana sa bangon ya yi ƙarfi kada dafin jikin wasu bakteriya ya riƙa yoyo cikin jini yana hura kumburi. Ɓerayen da aka sa wa ita kuma aka ba su abinci mai harza tudunsu ya ragu. Waɗanda aka sa wa ita aka hana su harza ba su ci ribar komai ba. Bakteriyar tana nan, amma ba a ba ta kayan aiki ba. Kafin nan a 2016 wasu a Hong Kong sun ga irin wannan kariyar daga wata mai suna Akkermansia muciniphila. A 2024 kuma da aka duba bahayar mutum sama da 1,400 na binciken Framingham a Amurka, an ga masu yawan wata bakteriya Oscillibacter kolestarol ɗinsu ya fi ƙasa, da aka raine ta a ɗakin gwaji sai ga shi tana haɗiye kolestarol tana sarrafa shi.

Akwai wani bincike na 2010 da ya kamata Bakatsine ya sani. An kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, Boulpon, da na yaran birnin Florence a Italiya. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, kusan abin da ake ci a ƙauyukan Daura da Mai'aduwa da Zango. Hanjinsu cike yake da masu narkar da harza, kuma sinadarai irin su butiret sun fi yawa a bahayarsu. Ba a auna jijiyar yaran ba, don haka ba hujja ce ta kariya daga ciwon zuciya ba, amma ya nuna garken yana bin abinci. Wanda ya bar tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale ya koma burodi da indomi da farar shinkafa da lemon kwalba safe da dare, ba shi kaɗai ya canja abinci ba.

Na baya-bayan nan daga Madrid

Wanda ya sake tayar da ƙurar shi ne aikin David Sancho da Annalaura Mastrangelo na cibiyar binciken zuciya ta Sifaniya, da ya fito a Nature a watan Yulin 2025. Su wani sinadarin daban suka kama, ana taƙaita sunansa ImP, bakteriyar hanji ce ke haɗa shi daga histidin da ke cikin furotin. Da suka ba ɓeraye shi, tudu ya taru ba tare da kolestarol ɗin jininsu ya canja ba, ta ƙofar kumburi ya bi, yana tunzura fararen ƙwayoyin jini. Da suka toshe wurin da yake kamawa a jikin ƙwayoyin da wani magani, ciwon ya ja baya. Sun kuma ga ImP ya fi yawa a jinin mutanen da ke ganin lafiyarsu ƙalau amma hoto ya nuna tudu ya fara.

Daga "kolestarol bai canja ba" ne aka ciro "ba kitse ne ke toshe jijiya ba". Sai dai ɓerayen da aka yi aikin da su irin waɗanda aka riga aka lalata wa tsarin maiƙo ne, kolestarol ɗinsu dama a sama yake. ImP ya ƙara wa wuta iska ne, itacen yana nan. Su masu binciken ma abin da suke hange shi ne maganin da za a haɗa da na rage kolestarol.

Me wannan ke nufi ga mutumin Katsina?

A fara da Flagyl tunda shi ake tambaya. Gaskiya ne a gwajin 2013 an ba wasu mutane kaɗan sinadarin da ke cikin Flagyl haɗe da wani antibayotik na mako guda, TMAO ɗinsu ya kusa ɓacewa. Da suka daina ya dawo. An yi hakan ne don a tabbatar bakteriya ce ke haɗa shi, ba a matsayin magani ba. Kuma an taɓa gwada antibayotik a kan masu ciwon zuciya, lokacin ana zargin wata bakteriya ta daban da ake samu a cikin tudun. A ɗaya daga gwaje-gwajen da aka buga a 2005 mutum 4,012 suka shiga, rabinsu suka sha azitromaisin duk mako tsawon shekara, ba a ga bugun zuciya ya ragu ba. Antibayotik ba ya tantance Roseburia da mai haɗa TMA, kowa yake shara, kuma shan sa barkatai daga kemis shi ke sa ranar da taifot na gaske ya zo maganin ya ƙi ci. Wankin ciki kuwa gudawa yake sawa, ba ya isa bangon jijiya, ga wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi kuma rashin ruwan da ke biyo baya hatsari ne.

Shi ya sa masu binciken da kansu suka bar hanyar kisa. Tun 2015 mutanen Hazen suka gwada wani sinadari DMB da ke hana bakteriya haɗa TMA ba tare da ya kashe ta ba, a ɓeraye ya rage tudun. Ana samun ɗan kaɗan nasa a wasu nau'ukan man zaitun, amma kafin wani ya ruga kasuwa, abin da aka zuba wa ɓerayen a ruwan sha ya ninka wanda ke cikin man nesa. Har yanzu babu magani irin wannan da aka amince a ba mutane, awon TMAO ma ba ya cikin gwaje-gwajen da likita ke dogara da su ya yanke shawarar magani.

Nono da kindirmo fa? Akwai bakteriya masu rai a ciki, abinci ne mai kyau, amma babu wani babban gwaji da ya nuna shan su ko shan kafson bakteriya da ake sayarwa da tsada yana rage bugun zuciya ko shanyewar jiki. A ƙwaryar fura, in aka bi darasin ɓerayen Wisconsin, geron ma abin dubawa ne, musamman wanda ba a surfe shi ya yi fari tas ba. Sugan da ake antayawa a kai kuma lissafinsa daban.

Ga alƙaluman da suka fito daga jikin mutanenmu. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu 2,118 da nasu bai shanye ba, aka buga a 2018. Kusan kashi 90 cikin 100 na hatsarin an danganta shi da hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku na shanyewar ma ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, wadda babu ruwanta da tudun da ake aunawa a ɓera. A jerin abubuwan da suka biyo baya akwai matsalar maiƙon jini, ciwon suga, cin nama a kai a kai, ƙarancin cin koren ganye da ƙara gishiri a abinci. Nama da ganyen sun yi daidai da abin da ɓerayen ke nunawa, duk da SIREN bai duba hanjin kowa ba. Amma wanda ya ajiye ƙwayar hawan jininsa saboda labarin hanji ya saki babban ya kama ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin ɗunƙule da yajin tsire.

Masu tsoron ƙwan mai shayi, mutanen Hazen ɗin da kansu sun gwada a 2021, suka ba masu lafiyayyar ƙoda ƙwai huɗu kullum na mako huɗu, TMAO ɗinsu bai tashi ba, waɗanda aka ba kafson kolin ne nasu ya tashi. Naman layya kuwa ga abin da ya fi kusa da amsa: a wani gwaji na mutum 113 da aka buga a 2019, an ciyar da su jan nama kullum na wata guda, TMAO ya ninka sama da biyu idan aka kwatanta da watan da suka ci kaza ko abincin da ba nama. Da aka janye jan naman, cikin mako huɗu ya sauko.